Wasiƙa daga Sabon Zango

Ankara, ƙasar Gana

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da su Hajiya. Yaya Katsina, yaya hunturu? Mu a nan bakin teku sai gumi dare da rana.

Wani labari ne ya hana ni sukuni sai na rubuto maka, don ya shafe ku Katsinawa. Unguwar da na sauka, Sabon Zango, ashe ɗan wani Bakatsine ne ya kafa ta. Uban shi ne Malam Idrisu Naino, wanda ya iso Ankara (haka tsofaffi ke kiran Accra) tun kafin Turawa su maido hedkwatarsu nan daga Cape Coast a 1877. Malami ne, ya zama jagoran Musulmin garin. Mutanen Ga, masu ƙasa, suka ba shi fili, aka kafa zango na farko, inda yanzu ake kira Zongo Lane, kusa da kasuwar Makola. Ya rasu a 1893.

Bayansa zango ya cika maƙil. Ga fataken goro da ake lodawa a jirgin ruwa zuwa Ikko, ga tsofaffin sojan Hausa da suka yi yaƙin Asante na 1874, ga Yarbawa da Fulani, kuma rigima kan limanci da shugabanci ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Sai ɗansa Malam Baƙo ya sake neman fili wurin sarakunan Ga, can hayin tafkin Korle, lokacin duk daji ne. Wajen 1910 ya kwashi mutanensa suka tare.

Wallahi Malam, wannan ne ya fi taɓa mini zuciya. Mutum ya samu ƙasa a garin da ba nasa ba, sai ya yi ta yanka wa baƙi filaye, wanda ya zo daga Kano, wanda ya zo daga Sakkwato, kowa ya kafa bukkarsa. Har yau sarautar unguwar tana gidansa. Da asuba in na fita sayen koko da ƙosai, da Hausa nake ciniki, jikokin waɗancan baƙin ne ke zuba mini, da yawansu ba su taɓa taka Najeriya ba.

Ga roƙona. Don Allah ka zauna da dattawan unguwarku, musamman na gidajen malamai, ka ambata musu sunan Naino, duk abin da suka faɗa ka rubuto mini. Akwai wani tsoho maƙwabcina da ya ce in amsa ta zo shi zai fara ji, kuma ƙarfinsa ya soma ja baya, saboda haka kada ka jinkirta.

A gaida Hajiya, a shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Abdu