Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobi: Yaranmu 'Yan Rabin Aji a Daura

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamai da 'yan uwa membobi, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara. Allah Ya jiƙan waɗanda muka fara da su ba mu ƙare tare ba. Hajiya shugaba ta umarce ni, a matsayina na sakatariya, in rubuta abin da muka yi da abin da ya gagare mu. Lissafin kuɗin wata-wata yana hannun ma'aji, ita za ta karanto shi ranar taro.

Tun zamanmu na watan Satumba muka tsayar da magana ɗaya: yaron da zai shiga aji ɗaya yana shekara 6, ba tulin hadda muke nema masa ba. Malaman firamare da ke cikinmu su suka buɗe mana ido. Sun ce yaro yakan zo yana rera haruffa daga farko har ƙarshe, amma a nuna masa guda ɗaya a allo sai ya yi tsuru-tsuru. Bai iya riƙe fensir ba, ba ya iya zama ya saurara, kuma kunya kan hana shi cewa yana jin fitsari har sai ya sake shi a wando. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin wannan ilimi, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta ware shekara ɗaya ta share fage kafin firamare. Wannan yana takarda. Mu abin da ke hannunmu shi ne tsakar gida, can muka dosa.

Babban aikinmu na bana shi ne zaman Alhamis bayan La'asar, tunda ran nan babu makarantar allo. Muna zagayawa gidajen membobi, kowace uwa ta zo da ɗanta ta zauna, ba ta ajiye shi ta tafi ba. Ba mu sayi kayan wasa ko ɗaya ba. 'Ya'yan tsamiya, ƙwallon dabino, marafan kwalba, laka da karan dawa, su ne kayan aikinmu. Yara su ware manya da ƙanana, su jera biyar-biyar, su zura duwatsu a zare, su mulmula laka su yi tukunya da saniya. 'Yan mata sun koya wa maza 'yar carafke, abin da ya jawo dariya a farko, daga baya mazan suka fi kowa naci.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 5 da ba zan manta ba. Ranar farko ta damƙi fensir da dunƙulen hannu kamar muciya, ta danna har ya huda takarda, ta fashe da kuka. Malamarmu ta karɓe fensirin gaba ɗaya, ta ba ta faifai da wake ta ce ta tsince tsakuwa. Makonni ana haka, tsintar wake, zura zare, zane da yatsa a rairayi. Ranar da aka mayar mata da fensir, da yatsu uku ta kama shi, ta zana da'ira ta haɗe bakinta. Mahaifiyarta ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zani.

Tatsuniya kuwa sai mu gode wa Goggonmu, wadda duk da ciwon ƙafa ba ta cika fashi ba. Dabararta ita ce in ta kai inda Gizo ya shiga tsaka mai wuya sai ta yi shiru, ta tambayi yara me zai yi. Bayan ƙurunƙus, yaro ɗaya ya maimaita labarin da bakinsa, daga fari zuwa ƙarshe. Nan ake gane mai saurare. Mun haɗa da kacici-kacici da wasan bambance sauti: kafa da ƙafa, baki da baƙi, bari da ɓari. Kunnen da ya rarrabe waɗannan ba zai sha wuya ba ranar da aka nuna masa ƙugiya a kan harafi.

Mun kuma kai yara rijiyar Kusugu, aka ba su labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Da muka dawo kowa ya zana nasa macijin a ƙasa, wani doguwar lanƙwasa, wani gajere. Ba su san rubutu suke koyo ba.

Yanzu ga inda muka gaza. Da damina ta kankama, zaman ya yi rauni sosai: zazzaɓin cizon sauro, aikin gona, ga rashin rumfa. Wasu iyaye kuma sun janye 'ya'yansu, suna cewa wasa kawai ake yi, babu aikin gida, babu Turanci. Wannan ya yi mini ciwo, amma laifin namu ne, don ba mu zauna da iyaye maza mun yi musu bayani ba, alhali su ke yanke shawara a yawancin gidaje. Ni dai ra'ayina bai sauya ba: yaron da ya iya tunani da ba da labari da Hausa, Turanci ba zai gagare shi ba.

Abu biyu suka fito mana ba mu nema ba. Wani yaro da ake wa kallon mai taurin kai, ashe kunnensa ke ruwa, ba ya jin kira sosai. An kai shi asibiti, kuma alhamdu lillahi ya samu sauƙi. Na biyu, yara da dama ba su da takardar haihuwa, har yanzu ana auna shekaru da ɗora hannu bisa kai a taɓo kunne. Mun raka wasu iyaye wajen jami'an Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa sun yi rajista, saura da yawa.

A shekara mai kamawa, in Allah Ya kai mu, muna neman amincewarku kan sayen tabarmi da kafa rumfa kafin ruwa ya sauka, da roƙon masu unguwanni da limamai su haɗa mu da iyaye maza. Malamai biyu daga cikinmu sun ɗauki nauyin bin sawun yaran da za su shiga aji ɗaya, su kawo mana bayani ƙarshen zangon farko. Duk mai son a yi zaman Alhamis a gidanta ta ba ni sunanta kafin a tashi daga taro, kuma a ci gaba da tara marafan kwalba, namu sun kusa ƙarewa.

Wassalam.
Sakatariya