Cin zalin da siniyoyi ke yi wa ƙananan ɗalibai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Yarona ɗan aji ɗaya ne a wata sakandaren kwana nan Abuja, ranar bizitin na same shi duk ya rame, sandal babu, garin kwaki da sugan da uwarsa ta ƙulla masa siniyoyi sun kwashe, wai har wanki yake musu da asuba in ya ƙi a sa shi tsallen kwaɗo. Sai da na matsa ya faɗa, yana waige-waige. Na samu hausmasta, buɗar bakinsa wai ai haka kowa ya taso. Haba malam!

Kowa ya ga bidiyon nan na Afrilun 2024, ana ta sharara wa ɗaliba mari a wata makarantar kuɗi a Gwarinpa, sai da ya karaɗe intanet sannan aka rufe makarantar kwana uku. To wanda ba a ɗauka a waya ba fa? Alhali dokar kare haƙƙin yara na nan tun 2003.

Ni dai roƙona malami ya riƙa kwana a hostel, a karɓe bulala daga hannun firfet, a ware wanda yara za su kai wa ƙara a asirce don tsoron ramuwa ke rufe musu baki. Mu iyaye kuma mu tada maganar a mitin ɗin PTA, ba kullum rigimar kuɗin bas ba.

Wani uba,
Kubwa, Abuja