Wasiƙa daga Girenobul bayan tafiyar keke

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da Inna da dukan mutanen gida, ina sanar da ku cewa na dawo Girenobul lafiya, har na koma bakin aikina. Yaya ta gaya mini hankalinku ya tashi da kuka ji na hau keke ni kaɗai na shiga tsaunuka, har kuna tambaya ko kuɗin mota ne ya gagare ni. Baba, ba rashi ba ne. Hutun shekara na samu, kuma na daɗe ina hango duwatsun nan daga cikin gari ina marmarin ganin abin da ke bayansu.

Hanyar sananniya ce a nan Faransa. Ta tashi daga Tonon, bakin tafkin Leman, ta ratsa tsaunukan Alp har zuwa Nis a gaɓar Bahar Rum, kimanin kilomita 700, kuma kwalta ce. Sai lokacin zafi ake bin ta, domin ƙanƙara kan toshe manyan mashigai tun daga kaka har wajen watan Yuni. Na ɗaura ɗan tanti da bargo da famfo da kayan faci a bayan keke, guzurina kuwa dabino da burodi da cuku.

Inda na fi shan wuya shi ne mashigin Galibiye, mai tsayin mita 2,642, wanda ya ɗara ƙololuwar Bagazam ta ƙasar Ayar da fiye da mita 600. Hawan ya kai kusan kilomita 35 daga kwari, kuma a bakin hanya an kafa duwatsun alama masu nuna wa mai keke saura nawa ya kai sama da kuma yadda gaban ya miƙe. Da na wuce ƙauyen Balwar sai itatuwa suka ƙare, ya rage ciyawa da tsakuwa, numfashi ya riƙa yi mini kaɗan saboda iskar can sama ba ta ƙosar da ƙirji. A nan na tsaya na yi alwala da ruwan da ke gangarowa daga ƙanƙara, wanda sanyinsa ya sa yatsuna suka sandare, na yi sallar ƙasaru a kan rigar ruwata. Gangarawa ta fi hawa haɗari, don haka na riƙe birki na sauko a hankali, ina tsayawa in huta da hannu.

Abin da na san zai faranta muku rai shi ne makiyayan wurin. Da zafi ya shigo sukan hau da tumaki ɗaruruwa zuwa makiyayar tsauni, su zauna a 'yar bukka har sanyi ya kore su. Kyarkeci ya sake bayyana a ƙasar tun 1992, shi ya sa kowane garke ke da manyan fararen karnuka waɗanda aka raina cikin tumaki tun suna ƙanana. Wani makiyayi dattijo ya koya mini in sauka daga keke idan sun taso, in sa shi tsakanina da su, in tsaya cak har su shinshina su koma. Haka na yi, ba kuwa abin da ya same ni. Ya tambaye ni irin tumakinmu, na ba shi labarin balami da uda, ya yi ta mamakin tunkiyar da ba a yi mata sausaya.

A Biriyanson kuwa zuciyata ta sosu, domin na ga samarin Afirka da suka tsallako daga Italiya da ƙafa ta waɗannan tsaunuka, kuma wasu da tsakiyar hunturu suke bi, cikin dare, da takalmin da bai dace da ƙanƙara ba. Ina roƙonku ku zaunar da Auta ku karanta masa wannan, tunda na ji yana zancen fitowa ta ɓarauniyar hanya. Ni da na bi kwalta da rana, da takarduna a aljihu, na ji a jikina.

Daga can na gangara kudu har na isa Nis, na sa keken a jirgin ƙasa na dawo gida. Hotunan suna wayar Yaya, za ta nuna muku. A gaishe da Inna, a ce mata ƙafafuna sun warware. Ina neman addu'arku.

Ɗanku mai biyayya.