Malamai, don Allah mu rage tambayar "kun gane?"

Assalamu alaikum Edita. Da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana malaman makaranta.

Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare, zangon da ya wuce na ba 'yan aji biyu aikin bincike a kan zazzaɓin cizon sauro, na raba su rukuni-rukuni suka zaga unguwa suka duba kwatoci da tsoffin tayoyi da ruwa ya kwanta a ciki, wasu har da ɗebo tsutsotsin sauro a robar lemo. Sai na ce kowane rukuni ya zana abin da ya fahimta a kwali, wato a sa kalmomi cikin akwatuna a haɗa su da kibiyoyi. Wannan taswirar ba ni na ƙirƙiro ta ba, wani masanin harkar ilimi mai suna Joseph Novak ne ya fito da ita a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1972, kuma a wurinsa dole a rubuta a jikin kowace kibiya abin da ya haɗa kalmomin biyu.

To nan fa aka yi ta. Akwatuna kam sun cika, kwata, sauro, zazzaɓi, gidan sauro, har da kwalliyar alƙalamin maka ja da kore amma kibiyoyin fayau babu ko harafi. Na ce kun gane? Suka ce eeeh malam, kamar kullum.

Washegari sai na canza salo, na ɗora yatsa a kan kibiya ɗaya na ce me kwata take yi wa sauro, na kama bakina. Wallahi shirun nan da wuya, mu malamai mun saba mu yi tambaya mu amsa wa kanmu, dama wata mai bincike kan harkar koyarwa, Mary Budd Rowe, ta gano tun shekarun 1970 cewa malami bai cika jiran fiye da daƙiƙa ɗaya ba, alhali in ya kai uku amsoshin yara sun fi tsawo da ma'ana. Can sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce malam a ciki yake ƙwai. Na ce rubuta a kan kibiyar. Na sake cewa in aka yashe kwatar wace kibiya ce za ta tsinke? Nan musu ya kaure, wani ya ce ai sauron da ya ciji mai lafiya ba ya ɗauko komai sai ya fara cizon mai ɗauke da cutar, suka ƙara akwatin da babu shi da farko.

Na san za a ce aji ya cika maƙil ga silabus na jira, gaskiya ne, ni ma darasi biyu ya ci min. Roƙona ga kwalejojin ilimi shi ne ɗaliban NCE, wato masu neman takardar shaidar malanta, da ake turo mana koyon koyarwa a riƙa duba tambayoyin da suka shirya tun kafin su shiga aji, ba tsarin darasi kawai ba.

Naka,
Wani malamin kimiyya daga Kano