Iyakar Abin da Gwaji Zai Iya Faɗa Kan Daidaita Haƙora

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafinku na lafiya domin in yi tsokaci kan yadda ake ɗaukar gwajin asibiti, wato binciken da ake gwada wata hanyar jinya a kan majinyata don a ga ko tana aiki, da nazarin da ke tattara sakamakon gwaje-gwaje wuri guda, tamkar hukuncin ƙarshe a fannin daidaita jerin haƙora.

Ba na musun amfaninsu. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka da Ingila, waɗanda aka raba yara a cikinsu ta hanyar ƙuri'a, su ne suka nuna cewa fara gyaran haƙoran sama da suka turo gaba tun yaro yana ƙarami bai fi a jira ya fara balaga ba, sai dai yana rage yawan jin rauni a haƙoran gaba.

Amma wannan fanni ya bambanta da na magani. A gwajin magani ana iya ba majinyaci ƙwayar da babu komai a cikinta ba tare da ya sani ba, don a kwatanta da maganin gaske, alhali kuwa babu yadda za a ɗaura wa mutum ƙarfen daidaita haƙora a baki a ɓoye masa, balle a ɓoye wa likitan da ya ɗaura, wanda ƙwarewar hannunsa ma tana cikin abin da ke sauya sakamako. Sannan akwai batun lokaci, wanda a ganina shi ne mafi nauyi. Aikin kan ɗauki wajen shekara 2, gwaji kuma yakan tsaya ba da jimawa ba bayan an cire ƙarfen, amma haƙora ba sa daina motsi. Binciken da Robert Little da abokan aikinsa na Jami'ar Washington suka wallafa a 1988 ya gano cewa, shekara 20 bayan majinyata sun daina sa abin riƙe haƙora (wanda ake sawa bayan cire ƙarfen don kada haƙora su koma yadda suke), kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai jerin haƙoransu na ƙasa ya tsaya yadda ake so. Wane gwaji ne zai riƙe mutanensa tsawon wannan lokaci ba su watse ba?

Shi kuwa nazarin tattarawa, irin wanda ƙungiyar Cochrane take yi tun 1993, ba zai fi ingancin abin da aka zuba masa ba, shi ya sa sau da yawa yake ƙarewa da cewa hujja ba ta wadatar ba. Rashin wadatar hujja ba ya nufin aikin daidaita haƙoran ba shi da amfani, don haka ina roƙon wakilanku su riƙa bambance biyun idan suna kawo rahoto, su kuma faɗi mutum nawa aka gwada da tsawon lokacin da aka bibiye su.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku