Aikin Farfesa Greenwood a Zariya da abin da ya rage mana kan sanƙarau

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana kan wani fanni na aikin lafiya da matasanmu ba su cika saninsa ba, wato bin diddigin cututtuka masu yaɗuwa. Yaro in ya ce zai karanta likitanci, abin da ke ransa farar riga da ɗakin tiyata. Amma akwai likitan da gari guda ne majinyacinsa. Shi ke ƙirga wa ya kamu, a wace unguwa, a wane mako, kuma me ya sa wannan ya kwanta maƙwabcinsa yana tsaye. Don a ga amfanin wannan aiki ƙuru-ƙuru, bari mu bi sawun mutum ɗaya, Farfesa Brian Greenwood, Baturen Ingila da ya yi shekara goma a Zariya.

An haife shi a 1938. Ya fara zuwa Najeriya a 1965, ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, sannan a 1970 ya zo Zariya lokacin da sashen koyar da likitoci na Jami'ar Ahmadu Bello yake sabo. Abin da ya tarar shi ne abin da iyayenmu suka daɗe da sani: hunturu na wucewa, zafin bazara na kamawa, sai a fara kawo yara da zazzaɓi mai zafi, wuya a sanƙare, jarirai maɗiga ta kumbura. Ruwan sama na sauka sai cutar ta ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Kowa ya san haka, amma me ya sa?

Shi da abokan aikinsa ba su tsaya a gadon asibiti ba. Sun shiga ƙauyukan yankin Malumfashi suna ɗibar majinar maƙogwaron mutane masu lafiya, rani da damina, domin ƙwayar sanƙarau a maƙogwaro take zama, kuma mafi yawan masu ɗauke da ita ba sa jin ko ciwon kai. Sai suka ga yawan masu ɗauke da ƙwayar ba ya sauyawa sosai da sauyin yanayi. Da damina ma tana yawo daga wannan zuwa wancan. Abin da ke sauyawa shi ne yawan waɗanda ƙwayar ke kutsawa cikin jininsu. Bayanin da suka bayar, wanda har yau ake aiki da shi, shi ne busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙofa ta buɗe wa ƙwayar. Wannan ya nuna cewa killace majinyaci kaɗai ba zai tsayar da annoba ba, tunda masu yaɗa ta lafiyarsu ƙalau, suna kasuwa suna makaranta.

Daga annobar da aka yi a Zariya a 1977 aka sami wani abin da ya ceci rayuka masu yawan gaske. A wancan lokaci maganin sanƙarau allura ce da ake maimaitawa sau da yawa a rana har kwanaki, abin da ba zai yiwu ba a ƙaramin asibitin ƙauye inda ma'aikaci ɗaya ke kula da mutum hamsin a ƙarƙashin bishiya. Suka gwada allurar chloramphenicol mai mai, wadda ake yi sau ɗaya a tsoka ta yi ta aiki a hankali, suka ga tana warkarwa. Sunan Dakta Sadiq Wali, wanda daga baya ya zama farfesa, shi ne na farko a rahoton da aka buga a 1979. Shekaru da dama wannan allura ce aka dogara da ita a duk lokacin annoba a ƙasashen Sahel. A Zariyar ne kuma suka nuna cewa yaron da ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro jikinsa ba ya karɓar rigakafin sanƙarau yadda ya kamata.

A 1980 ya koma Gambiya ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya da ke can har shekara goma sha biyar. A can ne aka gwada gidan sauro mai magani. Rahoton 1991 ya nuna mutuwar yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu ta ragu da sama da kashi 60 cikin 100 a ƙauyukan da aka jiƙa gidajen saurensu da magani. Da aka faɗaɗa shirin ya game ƙasa, raguwar da aka auna ta tsaya a kashi 25 cikin 100, kuma haka suka buga ta ba tare da ƙari ba. Ɗalibi ya lura da wannan: abin da ake samu a gwajin da masu bincike ke tsaye a kai ya kan zarce abin da ake samu idan an miƙa wa gwamnati, kuma dole a auna duka biyun.

Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara da damina a jihohinmu, shi ma yana da hannu a binciken da ya kafa shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Ana ba 'yan wata uku zuwa wata 59, duk bayan kwana 28. Ranar farko ma'aikaci ke ba da ƙwaya biyu a gabansa, SP (wato sulfadoxine-pyrimethamine) da amodiaquine, sai ya bar wa uwa amodiaquine ta rana ta biyu da ta uku. A nan ake yawan samun matsala. Uwa ta ga yaro lafiya lau sai ta ajiye sauran don ranar da zai yi zazzaɓi, ko ta raba da ƙaninsa, kariyar kuma ba ta cika sai an sha na kwana ukun. Idan yaro ya yi amai cikin minti talatin ana sake ba shi. Wanda aka tarar da zazzaɓi a jikinsa gwaji ake tura shi, ba wannan magani ake ba shi ba.

Mu koma ga sanƙarau, don shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami. A 1996 Najeriya ta rubuta mutum sama da 109,000 da suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, mafi yawansu a Arewa. Tsohon rigakafin da ake da shi ba ya aiki sosai a jikin yara 'yan ƙasa da shekara biyu, kariyarsa ba ta wuce 'yan shekaru, kuma ba ya kawar da ƙwayar daga maƙogwaro. A Disambar 2010 aka fara ba da sabon rigakafi mai suna MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta bi baya a 2011. Greenwood, wanda a lokacin ya koma makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, yana cikin waɗanda suka auna tasirinsa a Cadi. An yi wa kimanin mutum miliyan 1.8 'yan shekara ɗaya zuwa 29 a yankunan da ke kewaye da Njamena, da bazarar 2012 ta zo sai aka ga sanƙarau a can ya yi ƙasa da na sauran yankuna da kashi 94 cikin 100, ƙwayar kuma ta kusan ɓacewa daga maƙogwaron mutane. Sai dai ƙwayar sanƙarau nau'i-nau'i ce, wannan rigakafi kuwa daga nau'in A kawai yake karewa. A ƙarshen 2016 nau'in C ya ɓulla a Zamfara ya bazu zuwa Sakkwato da maƙwabta, kafin ya lafa a 2017 mutum fiye da 14,000 sun kamu, fiye da 1,100 sun rasu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV mai kariya daga nau'i biyar, A da C da W da Y da X.

To, ta yaya za a san wane nau'i ne ya shigo gari? Sai da ƙirga, sai kuma da ruwan baya, wato ruwan da ake ɗiba da allura daga ƙashin bayan majinyaci don gwaji. Ƙa'idar a bayyane take. A yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000, idan an sami mutum uku cikin kowane 100,000 da ake zargi a mako guda, an shiga matakin faɗakarwa. Idan ya kai goma, annoba ce. A wurin da bai kai mutum 30,000 ba, mutum biyu a mako faɗakarwa ne, biyar annoba. Shi ya sa lissafin ƙaramar hukuma a dunƙule yake yaudara: mazaɓa ɗaya tana iya ci da wuta alhali adadin ya narke a cikin jama'ar ƙaramar hukumar baki ɗaya. Dole a rubuta kowane majinyaci a layinsa, da shekarunsa, da ƙauyensu, da ranar da ciwon ya fara, wadda ta bambanta da ranar da aka kawo shi asibiti.

Ruwan baya kuwa, ƙwayar da ke cikinsa ba ta da juriya ko kaɗan. Idan ɗakin gwaji na kusa, a kai shi cikin awa ɗaya. Idan da nisa, a zuba kamar mililita ɗaya a kwalbar Trans-Isolate, wadda ke raya ƙwayar har a isa ɗakin gwaji, a bar ta a yanayin ɗaki. Kuskuren da ake ta maimaitawa shi ne ma'aikaci, da kyakkyawar niyya, ya jefa kwalbar cikin akwatin ƙanƙara na rigakafi. Sanyi na kashe ƙwayar, sai sakamako ya dawo babu komai alhali yaron sanƙarau ne ya kwantar da shi. Wanda ake sa wa a sanyi shi ne na ƙaramar kwalba daban da za a yi wa gwajin PCR mai gano nau'in ƙwayar. A ɗebi ruwan kafin allurar farko idan zai yiwu, amma kada a jinkirta magani don jiran mai ɗiba. Allurar ceftriaxone ake yi yanzu a lokacin annoba, kwana biyar a jere. Iyaye da yawa suna tsoron allurar baya, suna cewa tana gurgunta yaro. A zauna da mahaifin a yi masa bayani cewa ana shigar da ita ne ƙasa da inda laka ta ƙare, kuma kurumta da shanyewar jiki da suke gani aikin cutar ne. Ba tare da wannan sakamako ba, ba za a san rigakafin da za a nema ba, shi kuwa rigakafin gaggawa amfaninsa yana cikin makonni huɗun farko bayan an tsallake ma'aunin annoba.

Ga matasan likitoci da likitocin dabbobi da masana ɗakin gwaji, hanya a buɗe take. Tun 2008 akwai shirin horar da masu bin diddigin cututtuka na shekara biyu da ake kira NFELTP, wanda Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Ibadan ke ba da digirinsa na biyu, kuma mafi yawan karatun a fagen aiki ake yin sa. Wanda ya iya lissafi, ya iya Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, ya san yadda ake shiga gida da sallama, ya riga ya sami rabin kayan aikin.

Ga gwamnoninmu da kwamishinonin lafiya kuwa, roƙonmu ƙarami ne idan aka kwatanta da kuɗin da annoba ke ci. Kafin watan Disamba, kowane jami'in sa-ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ya kasance yana da babur mai lafiya da kuɗin mai, kowane babban asibiti yana da allurar ɗibar ruwan baya da kwalaben Trans-Isolate da wa'adinsu bai ƙare ba, a kuma ajiye ceftriaxone a mazaɓun da suka saba kamuwa, a ba da shi kyauta.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar al'umma,
Zariya, Jihar Kaduna