Wasiƙa Daga Jos Zuwa Ga Habibu a Ingila

Assalamu alaikum, aminina Habibu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya da iyali. Nan Jos sanyi ya sauko, sai godiya.

Wata magana ce ta tsaya mini a rai. Akwai wani matashi a layinmu, a nan aka haife shi, a nan ya yi firamare da sakandare, Hausarsa irin ta Jasawa zalla. Ya tashi neman fasfo aka ce ya kawo takardar ƙaramar hukumar da iyayensa suka fito. Ashe iyayen daga Nijar suka shigo lokacin farin 1973, kakanninsa kuma duk can suke. Yaron ya ce ai yana da NIN, wato lambar shaida ta ƙasa, aka ce masa wannan lamba har baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ana ba shi.

Kuma doka ba ta tare da shi. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 bai ce haihuwa a ƙasar nan kaɗai ta isa ba, sai ɗaya daga iyaye ko kakanni ya kasance ɗan ƙasa. Abin da ya rage masa shi ne sashe na 27, ya nemi zama ɗan ƙasa kamar wanda ya zo jiya, ya nuna ya shekara 15 a nan, gwamnan jiha ya gamsu da shi, Shugaban ƙasa ya sa hannu. Talaka ina zai bi wannan doguwar hanya?

Ni a ganina wanda bai yi ƙarya ba, hukuma ta yi masa rajista tun yana jariri ba ta ce uffan ba, bai kamata a ɗora masa laifin shirun da ita ta yi ba. A buɗe masa ƙofa mai sauƙi. Ka tuna Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, da gwamnatin Shagari ta tasa ƙeyarsa zuwa Chadi a 1980, sai kotu ce ta dawo da shi. Mai muƙami ke nan, balle ɗan tireda.

Ku ma can ba ku tsira ba. Mutanen da ake kira 'yan Windrush sun shiga Ingila suna yara daga Jamaika da maƙwabtanta kafin 1973, da yawa a kan fasfon iyayensu, suka tsufa suna biyan haraji. Hukuma da kanta ta lalata katunan shigowarsu a 2010, daga baya ta ce su kawo hujja. Wasu suka rasa aiki da magani, aƙalla 83 aka kora bisa kuskure, har Amber Rudd ta sauka daga kujerar ministar cikin gida a 2018. Su fa suna da haƙƙin zama tun asali.

Saboda haka don Allah ka duba takardun yaranka. Tun 1 ga Janairun 1983 haihuwa a Ingila ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, sai in uwa ko uba ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin lokacin haihuwar. Babban naka an haife shi kana ɗalibi, ka tambayi lauya tun bai cika 18 ba.

Ka gaida Maman Ummi da yara. Baba yana tambayarka.

Naka,
Nasiru